Ranar da Na Ce Ban Tuna Ba

Hannuna ba ya son alƙalami yanzu. In na rubuta layi biyar sai na ajiye na murza yatsu, ido kuma ya fara yi mini rowa. Da don ta jikina ne da ban taɓa wannan babin ba, da na tsaya a labarin zuwana Arlit da auren mahaifiyarku, mu rabu kowa yana murmushi. To amma ranar Juma'ar da ta wuce na ji abin da ya hana ni. Ina zaune kan tabarma a tsakar gidanka, Nasiru, kuna ja-in-ja da matarka Ramatu a kan bangon da magini ya ɗora. Ita ta ce ya karkace, a rushe a sake. Kai ka ce a bar shi haka, kada a ɓata wa magini rai. Da ta ƙi yin shiru sai ka ce mata:

"Ke dai halin ubanki kika ɗauko. Wannan bakin ne ya kore shi daga kamfani."

Ramatu ta shige ɗaki. Ni kuwa ina riƙe da kofin shayi, na kurɓa, na ajiye. Ban ce uffan ba. Da kai da ƙannenka duk kun tashi kuna cewa Baba mai haƙuri ne, Baba ba ya faɗa da kowa. Na daɗe ina karɓar wannan yabon kamar hakkina ne. Ku zauna ku ji abin da haƙurin nawa ya yi.

Lokacin da nake ba ku labari, Arlit tana kan ganiyarta. Ƙarfen yuraniyom yana da daraja a duniya, motoci suna shigowa cike da mutane daga Damagaram, daga Tawa, har daga Katsina da Sakkwato, kowa da ƙunshinsa da fatansa. Garin kashi biyu ne. Akwai unguwar kamfani, inda ma'aikaci yake da ɗaki na siminti, da famfo a tsakar gida, da wuta, da likita in yaro ya yi zazzaɓi, da lakol, wato makarantar boko. Akwai kuma bukkoki a bayan gari, na kwano da tsohuwar tabarma da kwali, inda masu jiran aiki suke zaune suna sayen ruwa a garwa. Tsakanin biyun tafiyar ƙafa ce ƙanƙanuwa. In an sallami mutum daga aiki, ba aikin kaɗai ya rasa ba, cikin 'yan kwanaki zai kwashe iyalinsa daga famfo ya koma garwa. Kowane ɗayanmu da wannan tsoron yake sauka ramin haƙar yuraniyom, ko ya faɗa ko bai faɗa ba.

Ni tun ina ƙarami a gidan kawuna a Damagaram na koyi cewa "to". Wanda aka riƙa a gidan da ba na ubansa ba yakan iya karanta fuska kafin ya iya karanta allo. Na lura in na ce "to" ana sakin fuska, sai na riƙe kalmar, na girma da ita, na auri mahaifiyarku da ita. Hawwa, Allah ya ji ƙanta, ba ta daɗe a gidana ba ta gano ni. Takan ce:

"Malam, kai da mutum biyu za su nemi rakiya, ɗaya gabas ɗaya yamma, kowanne sai ka ce masa ya jira ka sa takalmi."

Dariya nake yi in ta faɗa. Ban ɗauke shi aibi ba, don mutane suna sona, kuma ina son a so ni fiye da yadda nake son abinci.

Isuhu kuwa, uban Ramatu, wanda kuka sani da Baba Isuhu mai amalanken ruwa, Allah ya yi shi da wata ƙasa daban. Ɗan Tawa ne, gajere, kakkaura, murya kamar ana kiran mutum daga hayin rafi. Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakinmu da nasu a unguwar kamfani. Shi ne wanda in liman ya tsallake aya zai gyara masa daga sahu na huɗu, tun kafin na sahun gaba su buɗe baki. In mahauci ya sa masa ƙashi da yawa, zai koma da naman ya tsaya a kansa har a canza. Bai iya kewaye ba, bai iya "sai dai a yi haƙuri" ba. Zama da shi akwai gajiya, wannan ba zan ɓoye muku ba, sau da yawa nakan ji muryarsa a ƙofa in ji kamar in ce ba na nan. Amma makona na farko a ƙarƙashin ƙasa shi ne ya fizgo ni ta wuyan riga daga inda nake tsaye ina kallon sama kamar baƙauye, kafin in gama jin haushi wani falalen dutse ya sauko daidai inda ƙafata take. Bai ce sannu ba. Cewa ya yi:

"Kai Badamagare, in mutuwa kaka so, tahi gida ka yi ta gaban uwarka. Nan ba a tsayawa inda ban buga ba."

Aikinsa ke nan, bugun rufi. Bari in bayyana muku, don ba wanda ya taɓa sauka a cikinku. In an fasa dutse da nakiya a ƙuryar lungu, hayaƙi ya fita, ba wanda zai shiga sai mai bugu ya riga shi. Yana riƙe da doguwar sandar ƙarfe, yana ƙwanƙwasa rufin taki bayan taki yana saurare, yadda mace take ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa kafin ta saya. Dutse mai lafiya yana amsawa da ƙara siririya. Wanda ya rabu da uwarsa yana amsawa da murya mai kauri, kamar akwai rami a bayansa. In ƙarami ne, mai bugu ya ɓamɓaro shi ya faɗo. In ya fi ƙarfinsa, sai ya fito ya gicciye sandarsa a ƙasa a bakin lungun, ya tafi kiran masu kafa ƙusoshin da ke riƙe rufi. Wannan gicciyewar ba a rubuce take a takardar kowa ba, mu ne muka gaje ta daga waɗanda suka riga mu, amma har Nasaru, Turawan kamfani, sun san ta. Sanda in tana kwance a bakin lungu, ba a tsallake ta, ba a ɗaga ta, sai mai ita ya dawo ya ɗauka da hannunsa. Isuhu bai yarda da sandunan kamfani ba, ya ce ba su da kunne. Tasa wani maƙeri ne a kasuwa ya ƙera masa, ya ɗaure mata jan ƙyalle a mariƙi.

A shekarar da kwalta ta iso mana daga kudu aka ce za a naɗa sabon shef a ekip ɗinmu, wato shugaban mutum goma sha biyun da muke sauka tare. Kowa ya san Isuhu ya fi ni sanin ramin nesa ba kusa ba. Amma ni aka ba. Ina da ɗan Faransanci, kuma ban taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Nasaran da ke kanmu, wanda muke kira Mai Agogo don ba ya iya yi maka magana bai dubi wuyan hannunsa ba, ya gaya wa na sama da shi cewa da Lawali ana aiki lafiya. Na yi zaton Isuhu zai ji zafi. Sai ga shi ya shigo gidana da kan rago a leda, ya miƙa wa Hawwa, ya dube ni ya ce:

"Sun yi daidai. Ni da sun ba ni, kwana ukku sai an kai wani likita, ko ni ko Mai Agogo. Amma Lawali, abu guda nika hwaɗa maka. Shef ba ya da 'to' biyu. Ka zaɓi guda."

Na ce masa to.

Mai Agogo ba mugu ba ne, kada ku ɗora masa abin da ba nasa ba. Mutum ne mai gaggawa, wanda tsayuwa take yi wa ciwo. Ko a bakin kanti ka gan shi yana jira, ƙafarsa tana rawa. Hausarsa kalma biyu ce, "Ya yi?" da "Maza". Kuma na sha gani da idona, in aka dube shi aka ce a'a, yakan yi tsaki ya dubi agogo ya wuce. Isuhu ya ce masa a'a ya fi a ƙirga, bai taɓa cin mutum ba. Ni ne ban iya ba. In ya tsaya a gabana yana jiran amsa, sai in ji kamar ina gaban kawuna, bakina ya riga ni.

Wata na biyar da naɗa ni, a aikin safe, abin ya faru. An fasa dutse a wani lungu da muka yi kwana biyu muna baya a cikinsa. Isuhu ya shiga da sandarsa, sauran ekip suna can nesa a mararraba inda fankokin iska suke ruri, ba mai jin maganar wani. Ni kaɗai nake tsaye a bakin lungun. Ya daɗe. Da ya fito fuskarsa a murtuke, ya gicciye sandar a gabana, jan ƙyallen yana kan takalmina, ya sa baki a kunnena ya ce:

"Wanga wuri ba shi da lahiya. Daga tsakiya har ƙurya duk murya guda. Na tahi kiran masu ƙusa. Kar ka bar kowa ya shiga, ko kare."

Na ce to. Ya tafi da sauri, fitilar hularsa tana rawa har ta ɓace a kwana.

Ba a yi minti goma ba sai ga Mai Agogo ta ɗaya hanyar. Na hango haskensa tun daga nesa. Ku ji da kyau, don nan ne maganar take. Bai iso ba tukuna, bai ga sandar ba, bai tambaye ni komai ba. Ni ne na hango fuskar da zai yi in ya gan ta, da tsakin, da duban agogon, da kwana biyun da zai tuna mini. Sai na sunkuya na ɗauki sandar Isuhu na jingina ta da bango. A raina ina cewa bari ya wuce tukuna in mayar da ita, ba sai an yi hayaniya ba. Ya iso, ya leƙa lungun, ya ga hanya a buɗe, ya ce:

"Ya yi?"

Na ce ya yi.

Bai wuce ba. Ya juya ya kaɗa fitilarsa sau uku wajen mararraba, alamar a kawo injin kwasar dutse. Mai tuƙa shi Aghali ne, wani Ba'abzine, wato Buzu, dogo daga Gugaram, wanda fari ya cinye wa dabbobi ya zo neman aiki, mutum mai kunya da ba ya cin abinci a gaban mutane. Ya zo ya wuce ta gabana, har ya ɗaga mini hannu. Ina da lokacin da zan tare shi. Hannu kawai zan ɗaga. Na tsaya ina gaya wa kaina Isuhu ai kullum a tsorace yake, sau nawa ya hana shiga ba abin da ya faɗo. Kwasa ɗaya Aghali ya yi. A ta biyu rufin ya sauko. Allah ya sa mafi yawansa a kan gaban injin ya faɗa, amma wani ɓangare ya kama masa ƙafar dama. Isuhu yana dawowa da masu ƙusa ya tarar muna tono da hannu. Shi ma ya shiga tono. Sai da aka fitar da Aghali ya waiga, ya ga sandarsa a tsaye jikin bango. Ya dube ta, ya dube ni.

Bayan kwana uku aka kira mu biro, wato ofishin kamfani. Nasaru uku a bayan tebur, har da Mai Agogo, da wani babban ma'aikaci ɗan ƙasa, da tafinta. Isuhu aka fara tambaya me ya sa ya bar wurin aikinsa bai sa alama ba. Da ya yi magana a hankali, wataƙila da an saurare shi. Ina! Ya miƙe tsaye, ya buga tebur, ya ce ya gicciye sanda, ya gaya wa shef, kuma da wancan mai agogon ya iya tsayuwa kamar ɗan Adam da Aghali yana da ƙafarsa. Tafinta yana rage maganar, shi yana ƙarawa, har ya ce wa tafintan ya fassara duka ko ya tashi ya ba wani wuri. Mai Agogo ya ce shi bai ga sanda a ƙasa ba, kuma gaskiya ya faɗa. Sai babbansu ya juyo gare ni, da murya mai taushi, irin wadda ake yi wa mutumin da aka yarda da shi, ya ce:

"Lawali, kai ne kake wurin. Ka ga sanda a gicciye?"

Na ga ɗakin siminti, na ga famfo, na ga Hawwa da cikin wata bakwai, cikinka ne Nasiru. Haka na daɗe ina gaya wa kaina, cewa don ku na yi. Yau da ba ni da abin da zan rasa, bari in faɗi ta ƙasan. Ba famfon ne ya fi ba ni tsoro ba. Fuskokin nan huɗu ne, suna dubana da yarda, na kasa jure in ga sun canza. Na ce abin ya zo da ruɗani, ban tuna ba.

Isuhu bai yi ihu ba. Wannan ne karo na farko da na ga an yi masa abu ya yi shiru. Ya koma ya zauna, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

Ba su so korarsa ba, sun san ba su da kamarsa. Suka ce ya sa hannu a takarda cewa ya yi sakaci, a dakatar da shi kwana takwas, ya dawo bakin aikinsa. Kuma wa kuke tsammani aka aika ya lallashe shi? Mai haƙuri, wanda ba ya faɗa da kowa. Na kuwa je. Na same shi bayan la'asar a gindin katanga yana goge sandarsa da tsumma. Na tsuguna na ce:

"Isuhu, ka sa hannu a wuce wurin. Kwana takwas ne. Ka dubi iyalinka, ka dubi Ramatu, ko yaye ba a yi mata ba."

Ya ci gaba da gugarsa. Can ya ce:

"In na sa hannu, mi za ni ce ma Aghali? In ce ni na ci ƙahwarshi? Kai dai ka iya kwana da abin da ba ka tuna ba. Ni ban iya kwana da abin da ban yi ba."

"To ka kai ƙara sama mana, ka sake faɗa musu."

"Na hwaɗa sau guda, inda ya kamata, gaban wanda ya sani. Ba ni maimaitawa. Tashi, Lawali, ka tare mini haske."

Ka ga halin nasa. Da yana da rabin lanƙwasata da ya tsira da aikinsa, da ina da rubu'in taurinsa da ba a kai nan ba. Allah ya raba abin bai haɗa wa ɗayanmu ba.

Bai sa hannun ba, aka sallame shi. Ranar da suka kwashe, ina aikin safe. Na yi murna da haka, kunya ce ta sa. Da na dawo da azahar na tarar ɗakinsu a buɗe ba komai sai igiyar shanya. A bakin ƙofata kuwa ga sandar nan kwance a gicciye, da jan ƙyallenta. Hawwa tana daga ciki a zaune kan kujera 'yar tsugune, ta zuba mini ido. Ashe tun hantsi sandar take nan, Hawwa ba ta fita ba, maƙwabciya ta zo aron turmi ta ce mata ta dawo gobe. Matan ma'aikata duk sun san ma'anar sanda. Na tsaya daga waje kamar baƙo. Na ce ta ɗauke mana in shigo. Ta ce:

"Ni ba a koya mini ɗaga sandar mutane ba, Malam."

Ban taɓa gaya mata ba. Ban san ko matar Isuhu ce ta faɗa mata ba, ko a fuskata ta karanta, don labarin zuciya a tambayi fuska. Na sunkuya na ɗauka, karo na biyu, na ajiye ta bayan ƙofa. Ta tashi ta kawo mini abinci. Shekara talatin da wani abu muka ƙara yi tare, ba ta sake tayar da maganar ba, amma daga ranar ba ta ƙara yi mini barkwancin gabas da yamma ba. Kullum in an yi tuwo sai ta cika kwano ta kai bukkoki da ƙafarta, ba ta neman izinina, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Na je duba Aghali a asibiti kafin a sallame shi. An yanke ƙafar daga gwiwa. Ya rufe fuska da rawaninsa har hanci, ya kama hannuna da hannu biyu ya ce:

"Shef, ƙafa ya tafi, Allah ya rubuta. Kai mutumin kirki ne, kai kaɗai ka zo sau biyu. Isuhu kuma na yafe shi."

Na ce Allah ya ƙara haƙuri. Ya koma Gugaram wurin 'yan'uwansa, ya rasu a can yana yafe wa wanda bai yi masa komai ba.

Sauran kun gani da idonku. Isuhu ya sayi jaki da amalanke yana sayar da ruwa a bukkoki, yana faɗa da masu famfo, yana faɗa da masu saye, yana faɗa da jakin. Ni na ci gaba da sauka rami, aka ƙara mini girma sau biyu, har na ajiye aiki aka ba ni takardar yabo, tana nan a bango kuna nuna wa baƙi. In mun haɗu a hanya yakan amsa sallamata, don sallama hakkin Musulmi ce, amma bai sake taka ƙofar gidana ba. Mutane suka ce girman kai ne, yana jin haushin na ci gaba shi ya koma baya. Ina ji ana faɗa a majalisa. Nakan ce a yi masa uzuri, halinsa ne. Sai a ce kai, Malam Lawali akwai haƙuri.

Da ka zo ka ce mini Ramatu kake so, Nasiru, kwana uku ban ci abincin kirki ba. Ka ɗauka ina ƙin talaucinsu ne, har ka yi fushi. Tsoron zuwa gabansa nake. Al'ada ta ce in tura wakilai, Hawwa ta ce wannan ba ta wakilai ba ce, in je da kaina tukuna. Na same shi yana ɗaure wa jaki ƙafa. Na yi ta kewaye-kewaye, ya bar ni har na gaji, sa'an nan ya ce:

"Yaron ya zo nan sau ukku, na buga shi na saurara. Shina da lahiya, sai dai shina da ɗan taushinka. Ramatu ta gyara shi. Na ba shi. Ba shi ya ɗaga sandata ba."

Na buɗe baki a ranar, wallahi na buɗe. Na ce, "Isuhu, maganar nan ta da..." Ya ɗaga hannu ya ce:

"Ba ni za ka hwaɗa ma ba. Ni na sani."

Ya nuna mini inda zan kai ta, ban kai ba. Ya rasu shekara shida da suka wuce. A wurin zaman makoki wani ya ce Allah ya ji ƙan Isuhu, mutum ne mai gaskiya, sai dai zafin kai ya cuce shi. Kowa ya ce amin. Da ni a ciki.

Na gaji, 'ya'yana. Ba tsufa kaɗai ba ne, akwai gajiyar da mutum yake yi in ya shekara arba'in yana gyara fuska. Ba na ce muku sanyin hali laifi ne ba, gida ba ya zaunuwa in kowa Isuhu ne, ni shaida ne. Amma ku dinga bambanta mai haƙuri da mai gudun ɓacin ran mutane, don daga nesa kamarsu ɗaya. Kai Nasiru, kai ka fi kowa ɗauko ni, shi ya sa na fi jin tsoro a kanka. Bangon nan na dube shi da zan fita. Ya karkace. Ka gani kai ma, fuskar magini ce ba ka son gani.

Sandar tana nan bayan ƙofar ɗakina, wadda kuke cewa ta kashe maciji ce. Ƙyallen ya koɗe amma yana nan. Ba zan aiko ta ba, gobe in Allah ya kai mu da kaina zan kawo ta gidanka. Ka tara ƙannenka, ka kira Ramatu ta zauna, ba a bakin ƙofa ba, a kan tabarma. Idona ba zai iya karanta wannan a gaban mutane ba, kai za ka karanta, da ƙarfi, kada ka rage komai kamar tafintan nan.

Ramatu, 'yata, ba baki ne ya kori ubanki ba. An yi mini tambaya a biro ban amsa ba, ga amsar. Sandar tana gicciye. Na gan ta, jan ƙyallenta yana kan takalmina. Ni na ɗaga ta. Na tuna, ko kwana ɗaya ban taɓa mantawa ba.